Fotal ɗin makaranta ya nuna mini 'yata ta ci sifili a lissafi

Abban Walida (Gusau):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun daren Alhamis, na ce bari in kawo ta nan tunda a cikinmu akwai malamai, akwai kuma masu makarantu.

Yarana uku suna wata makarantar kuɗi a nan cikin Gusau, ba zan kama suna ba. Farkon zangon nan aka tara mu aka ce an daina ba da takardar sakamako, komai ya koma fotal, wato shafin makarantar a intanet. Aka ba kowane uba lambar shiga da lambar sirri, aka ce a nan za mu riƙa ganin makin gwaji da aikin gida da ranar da yaro ya yi fashi. Wallahi na yi murna, domin ni ɗan kasuwa ne, in na fita da safe sai bayan magariba.

Daren Alhamis bayan isha'i na buɗe. Walida tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Turanci lafiya, Hausa lafiya, na gangaro kan lissafi sai na ga gwaji na farko 0, na biyu 0, da jan rubutu. Raina ya ɓaci. Na sa aka taso ta daga barci, na tsayar da ita gaban mahaifiyarta da ƙannenta na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata irinsa ba. Tana kuka tana cewa "Abba wallahi na rubuta," ni kuwa ina tura mata waya a fuska ina cewa na'ura ce za ta yi miki ƙarya? Da safe ko koko ba ta sha ba ta tafi.

Da na dawo daga masallacin Juma'a na tarar da takardu biyu a ƙarƙashin kwanon abincina. Takardun gwajin ne, da jan biron malami. Ɗaya 14 cikin 20, ɗaya 17 cikin 20. Ashe malamin ne bai shigar da makin ba, shi kuma fotal duk gurbin da aka bari sai ya cike shi da sifili.

Ni kaɗai wannan abu ya taɓa samu? Kuma in na je na ce a dawo mana da takarda, na yi kuskure?

Maman Ikram (Ƙaura Namoda):
Wa alaikumus salam. Allah sarki yarinya. Abban Walida ba kai kaɗai ba ne, sai dai tamu matsalar daban ce. Babbar waya ɗaya ce a gidanmu, tana hannun maigida, shi kuma direba ne, yana iya kwana uku tsakanin Gusau da Kano. Ni da nake zaune da yaran ƙaramar waya gare ni mai madannai. Malama ta sa aikin gida a fotal ranar Talata, ba mu gani ba sai Juma'a, an riga an sa Ikram durƙuso a gaban aji. Da can a littafinta ake rubutawa, in buɗe jaka in gani, in zaunar da ita ta yi kafin ta tafi Islamiyya. Yanzu uwa ce ta ƙarshen sani.

Malam Sani (malamin lissafi):
Alhaji, kafin komai ina ba ka haƙuri a madadin ɗan'uwana malami, ko da ban san shi ba. Amma bari in faɗa maka yadda abin yake ta ɓangarenmu, don mutane na ganin kamar maki da kansa yake hawa.

A yawancin makarantu gwaje-gwajen cikin zango da aikin gida suna ɗaukar maki 40, jarrabawar ƙarshen zango 60. Wasu kuma 30 da 70. Ni aji shida nake ɗauka, kowane aji ya haura yara hamsin. In na ba da gwaji ɗaya, takarda sama da ɗari uku ke nan zan duba da hannu. In na gama in rubuta a rajistar maki, sannan in zauna da dare in riƙa shigar da su ɗaya bayan ɗaya a wayata, da datar da na saya da kuɗina. Sau nawa ina kai yaro na arba'in sabis ya ɗauke kafin in danna ajiya, in dawo in tarar komai ya goge? Ga rashin wuta. Wata rana sai na kai wayar wurin masu caji na dawo sannan in ci gaba. Tun da aka ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, abin da nake saya na wata bai kai ni mako uku.

Saboda haka malami kan tara gwaji biyu ko uku sai ƙarshen wata ya shigar gaba ɗaya. A tsakanin nan duk uban da ya buɗe abin da ka gani zai gani. Laifin da na ɗora wa makarantar shi ne da ba ta gaya muku haka ba tun ranar da ta raba lambobin.

Abban Walida (Gusau):
Malam na gode. Wallahi ban san da kuɗinku kuke shigarwa ba. To kuɗin fotal da ake karɓa a hannunmu duk zango ina yake zuwa?

Hajiya Mai Makaranta:
Bari in amsa wannan, tunda ni ma ina da 'yar makaranta, firamare da ƙaramar sakandare, kuma shekara biyu ke nan muna amfani da fotal. Kuɗin nan mafi yawansa na kamfanin da ya haɗa manhajar ne, kan kowane yaro suke lissafi. Abin da ya rage da ƙyar yake biyan yaron da ke zaune kan kwamfuta da man janareta.

Abban Walida abin da ya faru da Walida bai yi daɗi ba ko kaɗan, amma don Allah kada ku ce a koma takarda zalla. Ni na ga abin da takarda ta yi. Na ga yaron da ya kankare 38 ya mayar da shi 88 ya kai wa mahaifinsa, sai da ya zo aji uku asiri ya tonu, lokacin gyara ya yi wuya. Na ga fom masta ya yi kuskuren tara maki, yarinyar da ta zo ta biyu aka rubuta mata ta tara, uwarta ta zo nan tana kuka. Damina ɗaya rufin ofis ya yi yoyo, gara ta gama da sauran, sakamakon shekara huɗu ya tafi. Sannan ku dubi yaran da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka. Yaro zai zo mini ya ce aji biyar yake, babu takarda ko ɗaya, makarantarsu a rufe, malamansu sun watse. Sai dai mu yi masa gwaji mu ƙiyasta. Da bayanansa suna ajiye a inda wuta da ruwa ba su kaiwa, da an huta.

Abu Sadik:
Hajiya duk mun ji. Amma ki faɗa mana gaskiya, ba don ku riƙa kulle sakamakon wanda bai gama biya ba kuka fi son fotal ɗin? Ni saura naira dubu huɗu a kaina, na buɗe aka rubuto mini in je ofishin kuɗi. Yaro ya yi karatu wata uku, ranar hutu abokansa na ta faɗin na nawa suka zo, shi ya dawo gida ya shige ɗaki.

Hajiya Mai Makaranta:
Ba zan ɓoye ba, muna kullewa. Da takarda ma riƙewa muke yi, Abu Sadik, ba sabon abu ba ne. Albashin malamai daga kuɗin nan yake fitowa, kuma wallahi akwai iyayen da in suka karɓi sakamako ba ka sake ganinsu, sai ka ji sun mayar da yaro wata makaranta da bashinka a kansu. Amma wanda ya zo ya yi mini bayani ban taɓa hana shi ba.

Abu Sadik:
Da takarda in na je malamin aji yakan buɗe ya nuna mini in gani da idona ko bai ba ni ba. Na'ura ba ta san wannan ba. Kuma me ya sa sai na sake sayen katin duba sakamako duk zango kafin in ga abin da na riga na biya kuɗin karatunsa? Na WAEC da NECO mun san sau ɗaya ne a ƙarshen sakandare. Wannan sau uku a shekara, yaro huɗu.

Malama Hadiza:
Ni ku yi haƙuri zan koma baya kaɗan, domin duk an bi ta kan fotal an bar yarinya. Yaya Abban Walida, ko da a ce sifilin gaskiya ne, tayar da yarinya daga barci a yi mata faɗa gaban ƙannenta ba shi ne magani ba. Ta rantse maka ba ka saurara ba. Abin da ya fi ba ni tsoro da wannan fotal ke nan, uba ya yarda da waya ya ƙaryata ɗansa. Yarinyar da ta ci 17 cikin 20 a lissafi abin a riƙe ta da kyau ce, mun san yadda 'yan mata ke gudun lissafi. Ka ba ta haƙuri, kuma a gaban waɗanda ka yi mata faɗan.

Abban Walida (Gusau):
Malama gaskiya kika faɗa, kuma na karɓa. Tun daren Juma'a na tara su duka na ce ni ne na yi kuskure, Walida ce mai gaskiya. Ta ce ba komai Abba. Amma jiya da na ce ta kawo littafin lissafinta mu duba tare, sai na ga hannunta na rawa wajen buɗe jaka. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Malama Hadiza:
Allah ya saka da alheri. A hankali za ta sake. Ka riƙa duba littafin da ita ranar da babu laifin komai.

Injiniya Ɗan Mafara:
Salam. Aikina ke nan haɗa irin waɗannan shafuka, don haka bari in sa baki.

Maganar sifili gyaran minti biyar ne. Gurbin da ba a cike ba daban, sifili daban. Wanda ya haɗa manhajar ne ya sa ta riƙa ɗaukar wofi a matsayin 0 don lissafin jimla ya zo masa da sauƙi. Ana iya sa ta nuna ɗan layi ko ta rubuta "ba a shigar ba tukuna". Ana kuma iya hana maki fitowa wurin iyaye sai malami ya gama na aji duka, shugaban makaranta ya duba ya sake shi. Abban Walida, waɗannan biyun za ka nema in ka je.

Matsalar Maman Ikram ita ma tana da magani. Fotal mai kyau yana iya tura gajeren saƙon tes zuwa kowace irin waya, ko mai madannai ce, ba ya buƙatar data. A karɓi lamba biyu, ta uba da ta uwa. Yana da ɗan kuɗi, shi ya sa makarantu ke kashe shi.

Amma akwai abin da ya fi waɗannan damuna, kuma ba wanda ya taɓo shi. Ku duba lambar sirrin da aka ba ku. A wurare da yawa lambar shigar yaro makaranta ce aka maimaita, ko 1234, kuma lambobin yara a jere suke. Wato wanda ya san ta ɗansa, in ya ƙara ɗaya ya shiga ta ɗan wani. Me ke ciki? Hoton yarinya, cikakken sunanta, ajinta, unguwarsu, lambar wayar mahaifinta, wani lokaci har da sana'arsa da nawa yake biya. A jihar da muke fama da masu satar mutane da masu kai musu rahoto, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke kula da ita, kuma dokar ta ce bayanan yaro sai da yardar iyayensa ko mai kula da shi. Don Allah duk wanda ke da fotal ya canza lambar sirrinsa yau, kada ya bari sai gobe.

Abban Walida (Gusau):
Innalillahi. Yanzu na duba, tawa lambar shigarta ce sak. Na canza.

Hajiya Mai Makaranta:
Injiniya wannan ta shige ni. Gobe in sha Allahu zan kira masu manhajarmu. Adireshin gida ma ban ga dalilin da zai sa ya zauna a shafin ba, yana cikin fayil a ofis.

Baba Tsohon Hedimasta:
Ɗiyana, na karanta duk abin da kunka rubuta, jikana ya riƙa mani wayar. Shekara talatin da biyar ina aikin koyarwa kahin in aje. Zamaninmu takardar sakamako tana da wurin da malamin aji ka rubuta halin yaro da hannunai, da wurin hedimasta, da wurin da uba ka sa hannu ko ya dangwala yatsa a maido muna. In ba a maido ba, mu aika a kira shi. Wanga sa hannu shi ne igiyar da ta ɗaure gida da makaranta. Uba ya zo, mu zauna ƙarƙashin bedi, in ce mai ɗanka na da ƙoƙari amma barci yakai cikin aji, mi ka hana shi barci da dare? Nan za ka ji ashe yaro na tallar ruwa har sha ɗaya. Wane maki za ya gwada maka wannan?

Ban ce a yar da na'ura ba. Amma ku tuna watan Satumba na 2021, da anka rufe layukan waya a jihar nan baki ɗaya, makarantu kuma suna rufe. Gusau ta yi kusan wata guda, ƙananan hukumomi sunka fi haka daɗewa. Lokacin da yara sunka fi bukatar a aiko masu da karatu gida, lokacin ne ba a iya ko kiran waya. Wanda ya ga wannan bai kamata ya aje ƙwansa duka wuri guda ba. A yi fotal, a kuma ba da takarda ƙarshen zango.

Malam Sani (malamin lissafi):
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wurin bayanin malamin aji yana nan a fotal, amma gaskiya yanzu zaɓa ake yi daga jerin da aka riga aka rubuta. Wanda ya haura 70 na'ura ta ba shi yabo, wanda ya gaza 40 ta ce ya ƙara ƙoƙari. Yara hamsin, magana uku.

Ummi (ɗalibar jami'a):
Iyayena ku ba ni dama in faɗi ta ɓangaren ɗalibai. Ni ina goyon bayan fotal ɗari bisa ɗari, ga dalilina. Tun 2015 JAMB a kwamfuta ake rubuta ta gaba ɗaya. Rajistarta sai da lambar NIN, duba sakamako a waya, karɓar gurbin karatu a shafinsu. WAEC ma ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024. In ka shiga jami'a, ko Tarayya ta Gusau ko wata, biyan kuɗi da rajistar darussa duk a fotal ne. Ranar da na rubuta JAMB yarinyar da ke kusa da ni ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba, minti goma na farko kuka ta yi, alhali ta san amsoshin. Yaron da ya saba shiga shafi tun yana ƙaramar sakandare ya tsallake wannan.

Sai dai gargaɗi ɗaya. Kada uba ya miƙa wa yaro lambar sirri ya ce duba ka turo mini. Muna sakandare na san waɗanda ke ɗaukar hoton shafin su gyara maki a waya su tura wa iyayensu. Kankarar da Hajiya ta ambata ba ta mutu ba, ta koma waya ne. Ka shiga da hannunka, ko ka sa ya buɗe a gabanka.

Malam Bala (makarantar gwamnati):
Ina ta karatu ina jinku. Mu ajinmu yara sun haura tamanin, rabi a ƙasa suke zaune, iyaye da yawa ba su karanta boko. Abin da nake yi shi ne littafi guda da na rubuta lambobin iyaye, duk Alhamis in kira biyar waɗanda na ga yaransu na ja baya. Da katina. A zango nakan zagaye waɗanda suka fi buƙata. Wata uwa da na kira ta ce tunda ta sa yaro makaranta ba a taɓa kiranta ba sai in ya yi laifi.

Abu Sadik:
Malam Bala Allah ya biya ka. Ni dai har yanzu ina kan bakana a maganar kati. Ba wanda ya ba ni amsar dalilin biya sau uku.

Hajiya Mai Makaranta:
Mu ba ma sayar da kati, cikin kuɗin makaranta yake. Masu sayarwa su za su amsa. Ka kai maganar taron iyaye da malamai, can ne wurinta.

Abban Walida (Gusau):
Jama'a na dawo da bayani. Yau Litinin na bar yaron shago na tafi makarantar. Shugaban ya karɓe ni da mutunci, na ajiye masa takardun gwajin biyu da wayata a kan tebur. Ya yi shiru, sannan ya ce ni ne uba na huɗu da ya zo da wannan maganar, ɗaya ma har ya doki ɗansa. Ya kai ni ɗakin kwamfutar. Wani saurayi ne shi kaɗai, da tarin rajistar maki a gabansa har sun kusa rufe shi, fanka a tsaye babu wuta. Malamin lissafin kuma ashe matarsa ce ta haihu aka yi mata aiki, mako biyu yana zirga-zirgar asibiti. Ya zo ya ba ni haƙuri, ni ma na yi masa barka.

Na karanto musu abin da Injiniya ya rubuta. Sun kira masu manhajar a gabana, an ce kafin ƙarshen mako za a cire sifilin. Takardar ƙarshen zango kuma shugaban ya yarda za a buga wa duk wanda ya nema, da wurin sa hannun uba kamar yadda Baba ya ce. Saƙon tes da maganar kati ya ce ba shi da ikon yankewa shi kaɗai, sai taron iyaye da malamai ranar Asabar. Maganar lambar sirri ce ta fi tayar masa da hankali, ya ce gobe za a ba yara takarda su kai gida.

Da zan fito na hango Walida ta taga, malamin ya fito da ita gaban allo tana warware lissafi. Ban bari ta gan ni ba.

Maman Ikram (Ƙaura Namoda):
Alhamdu lillahi. Abban Walida don Allah abin da za ka gabatar ranar Asabar ka rubuto shi nan a jere, in sa maigida ya kwafa in ya dawo. Namu taron sai wata mai kamawa. Injiniya, shi saƙon tes ɗin ana iya turo shi da Hausa? Don in da Turanci ne sai na jira Ikram ta karanta mini, kuma ita ce mai aikin gidan.

Injiniya Ɗan Mafara:
Ana iyawa Maman Ikram, duk abin da aka rubuta shi zai tafi. Ki ce musu su sa a fom ɗin rajista kowane gida ya zaɓi harshen da yake so. Abban Walida in ka rubuta ka turo mini in duba kafin Asabar, akwai tambaya biyu da nake so ka yi wa masu manhajar a kan inda suke ajiye hotunan yaran.